William McGregor: Mai Kantin Yadin Da Ya Yanka Wa Ƙwallon Ingila Ranar Kasuwa

A yau babu wani gari a Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, da za ka shiga ranar Asabar da yamma ba ka tarar da samari sun yi cincirindo a gidan kallo suna jiran a take wasan ƙwallon Ingila ba. Mai shayi ya san da zancen, mai tuyar ƙosai a bakin gidan kallon ta san da shi, haka ma mai sayar da rigunan Arsenal da Chelsea da Manchester United a cikin kasuwa, domin kowannensu yana samun ɗan abin sakawa a bakin salati ta dalilin wannan wasa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin da ya shimfiɗa tsarin da ake bi har gobe a wannan gasa ba sarki ba ne, ba gwamna ba ne, ba kuma shahararren ɗan wasa ba ne. Ɗan kasuwa ne mai kantin yadi a birnin Birmingham, wanda ya kwashe kusan shekara 40 yana auna yadi yana yankawa. Sunansa William McGregor, kuma tarihinsa muka kawo wa masu karatu a wannan mako.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi William McGregor ranar 13 ga Afrilu, 1846, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Braco da ke yankin Perthshire a ƙasar Sikotlan, wadda ke arewa da Ingila. Tun yana yaro ya fara ganin ƙwallon ƙafa, lokacin da wasu maƙera da magina baƙi da suka zo aiki a kusa da ƙauyensu suka kara da mutanen gari. A wancan zamani wasan bai da wata tsayayyar doka, kowane gari da yadda yake buga nasa, domin sai a 1863 ne aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, wadda ta rubuta dokokin wasan a wuri guda.

Da ya tasa sai aka kai shi birnin Perth ya zama yaron kanti a wurin masu sayar da yadi da tufafi. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ya san irin karatun da ake yi a nan: buɗe kanti da wuri, sanin kaya da farashinsu, riƙe littafin bashi, haƙuri da mai ciniki, da kuma cika wa mai kawo kaya alƙawari ranar da aka ce za a biya shi. Wannan shi ne ilimin da McGregor ya fito da shi, kuma da shi ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa.

A 1870, yana da shekara 24, ya bi sawun yayansa Peter zuwa Birmingham, babban birnin masana'antu da ke tsakiyar Ingila. A can ya buɗe nasa kantin a titin Summer Lane, kusa da unguwar Aston. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ba ya shan giya ko kaɗan, kuma an san shi da dogon gemu da fara'a. Ya auri wata mata mai suna Jessie, suka haifi ƴaƴa biyu, mace da namiji.

Yadda ya shiga Aston Villa

A 1874 wasu samari na wata majami'a a yankin Birmingham suka kafa ƙungiyar ƙwallo da suka raɗa wa suna Aston Villa. Ƙaramar ƙungiya ce ta talakawa, ba ta da fili nata sai na haya a Perry Barr, ba ta da ofis, ba ta da asusu mai kauri. Sai dai akwai ƴan Sikotlan a cikinta, irin su George Ramsay, wanda ya koya wa samarin salon ba da ƙwallo ƙafa zuwa ƙafa maimakon kowa ya ruga da ita shi kaɗai. Wannan ya ja hankalin McGregor, kuma a 1877 aka gayyace shi ya shiga kwamitin gudanarwar ƙungiyar.

McGregor bai yi suna a cikin fili ba. Aikinsa yana wajen fili: lissafin kuɗin ƙofa, biyan haya, rubuta wasiƙu, shirya tafiya, wani lokaci ma alƙalancin wasa. Kantinsa ya zama ma'ajiyar kayan ƙungiyar, ya kuma zama majalisar masu sha'awar ƙwallo, kamar dai yadda rumfar wani dattijo a kasuwa kan zama wurin da ake haɗuwa a ji labarin gari. Hoton zakin da ke jikin rigar Aston Villa har yau, shi ya kawo shawararsa, daga tambarin ƙasarsa Sikotlan.

Sannu a hankali ƙungiyar ta tashi. A 1880 ta ci kofinta na farko, na yankin Birmingham. A 1887 kuma ta ci kofin ƙalubale na FA, wanda shi ne babban kofi a ƙasar a lokacin, bayan ta doke maƙwabciyarta West Bromwich Albion da ci 2 da nema a Landan, ƙarƙashin jagorancin kyaftin Archie Hunter, shi ma ɗan Sikotlan.

Rigimar biyan ƴan wasa

Waɗanda suka kafa hukumar FA ƴaƴan masu hali ne na kudancin Ingila, waɗanda suka yi manyan makarantu. A wurinsu ƙwallo nishaɗi ne, kuma abin kunya ne mutum ya karɓi kuɗi don ya buga. Amma a arewa da tsakiyar ƙasar, masu bugawa da masu kallo leburori ne na masaƙu da maƙeru da ramukan kwal. Dokokin aiki sun ba su hutun rabin ranar Asabar, saboda haka suna tashi daga aiki sai su nufi filin wasa. Leburan da ya bar aikinsa ya tafi wani gari wasa, ko ya ji rauni ya kwanta, wa zai ciyar da iyalinsa? Don haka ƙungiyoyin arewa suka riƙa biyan ƴan wasansu a ɓoye.

A nan ya kamata mutanen Damargu su san cewa waɗannan masaƙu ba baƙin abu ba ne ga kakanninmu. Yankin Lancashire, inda birnin Manchesta da garuruwan Preston da Blackburn da Bolton da Burnley suke, shi ne cibiyar saƙar auduga ta duniya a wancan ƙarni. Akoko da alawayyon da ake saƙawa a can, jiragen ruwa na sauke su a Tarabulus, ayarin raƙuma su ɗauko su ta Gat da Agadas, su ratso Damargu, inda fatake ke yada zango a wurare irin su Jajiduna, kafin su wuce Damagaram da Kano. A komawa kuma su ɗauki gashin jimina da fatu. Ke nan hannuwan da suka saƙa wani yadin da aka sayar a kasuwanninmu, su ne suke tafi a filayen ƙwallon da muke magana a kai.

Asiri ya tonu a Janairun 1884, lokacin da wata ƙungiyar Landan mai suna Upton Park ta kai ƙarar Preston North End cewa tana biyan ƴan wasa. Jagoran Preston, William Sudell, wanda manajan wata masaƙa ne, bai musa ba, sai aka kori ƙungiyarsa daga gasar kofin FA. Ƙungiyoyin arewa suka fusata, suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar. A tarurrukan da aka yi don kashe wutar, McGregor ya tashi ya goyi bayan a halatta biyan albashi, ya kuma amsa a fili cewa ƙungiyarsa ma tana biya, alhali sauran wakilan yankinsa sun yi gum ko sun ƙi. Ra'ayinsa shi ne abin da kowa ke yi a bayan fage gara a fito da shi sarari a sa masa doka. A watan Yulin 1885 hukumar FA ta sakko, ta halatta biyan ƴan wasa.

Kasuwar da ba ta da rana

Halatta albashi ya warware matsala ɗaya, ya haifo wata. Yanzu kowace ƙungiya tana da ma'aikata da za ta biya duk ƙarshen mako, amma kuɗin shigarta ba su da tabbas. Gasar kofin FA ta sili-ɗaya-ƙwale ce, in aka fitar da kai a zagayen farko, shi ke nan sai baɗi. Sauran makonni ana cike su ne da wasannin sada zumunta da sakatarori ke ƙullawa ta wasiƙa. Wannan alƙawari kuwa ba shi da ƙarfi. Ƙungiya kan fasa zuwa don ta sami wani wasan da ya fi tsoka, ko don an sa mata wasan kofi a ranar, ko ta zo a makare, ko ta turo yaranta maimakon gwanayenta. Wani lokaci kuma a haɗa babba da ƙarama har kallon ya zama ba daɗi, kamar yadda Preston ta zura wa Hyde ƙwallo 26 ba ko ɗaya a Oktoban 1887.

Ƴan kasuwa sun fi kowa fahimtar wannan ciwo. Abin da ya sa kasuwar Bakin Birji ko ta Tanut ko ta Belbeji take ci, shi ne kowa ya san ranarta. Makiyayi yana koro dabbobinsa tun daga daji, mai hatsi ya ɗoro buhunansa a amalanke, mai tuwo ta dafa da yawa, direba ya yi lodi, duk ba tare da wani ya aika wa wani saƙo ba. A ce yau kasuwa ta ci, mako mai zuwa a zo a tarar da rumfuna wayam, na gaba kuma a ce an ɗage, cikin wata biyu za a daina zuwa. Haka ƙwallon Ingila yake a 1887. Magoya bayan Aston Villa sun sha zuwa fili Asabar bayan Asabar suna komawa gida ba su ga wasa ba, ga kuma albashi yana jiran kwamiti.

Wasiƙar 2 ga Maris

Ranar 2 ga Maris, 1888, McGregor ya rubuta wasiƙa zuwa ga ƙungiyoyin Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Preston North End da West Bromwich Albion, da kuma sakataren tasa ƙungiyar. Shawarar da ke ciki gajeriya ce: manyan ƙungiyoyi goma ko goma sha biyu su haɗa kai, su tsara jadawali tun farkon shekara, kowace ta kara da kowace sau biyu, sau ɗaya a gida sau ɗaya a waje. Ya kuma nemi kowa ya faɗi ƙungiyoyin da yake ganin sun cancanta.

Aka yi zaman farko ranar 23 ga Maris a otal ɗin Anderton's da ke Landan, a jajibirin wasan ƙarshe na kofin FA, lokacin da ya san manyan harkar duk suna gari. Zama na biyu aka yi shi ranar 17 ga Afrilu a otal ɗin Royal na Manchesta, inda aka tabbatar da ƙungiyoyi 12. Shida daga Lancashire: Accrington, Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Burnley, Everton da Preston North End. Shida daga tsakiyar ƙasar: Aston Villa, Derby County, Notts County, Stoke, West Bromwich Albion da Wolverhampton Wanderers. Babu ko ɗaya daga Landan.

Ba duk abin da McGregor ya so ya samu ba. Sunan da ya kawo an ƙi shi, aka ɗauki na Sudell, wato Football League. Ya so a riƙa raba kuɗin ƙofa tsakanin mai gida da baƙo domin ƙananan ƙungiyoyi su rayu, manya suka ƙi, aka tsaya a kan wani ƙayyadadden kuɗi da mai gida zai ba baƙo. Bai yi fushi ya fice ba. Ya karɓi abin da aka amince da shi, tunda ginshiƙin maganar ya tsaya: ranar da aka sa ba ta tashi, kuma dole kowace ƙungiya ta fito da gwanayenta. Aka kuma yarda cewa ƙungiyoyi huɗu na ƙarshen tebur sai sun sake neman a zaɓe su kafin su dawo baɗi. Wakilai suka zaɓe shi shugaban farko na wannan haɗaka.

Kakar farko, 1888 zuwa 1889

An take wasannin farko ranar Asabar 8 ga Satumba, 1888. Wanda ya saba da kallon yau ba zai gane wasan ba. Babu raga a bayan tirke, babu bugun fenariti, babu lamba a bayan riga, babu canjin ɗan wasa, in mutum ya ji rauni sai ƙungiyarsa ta ƙarasa da goma. Kowace ƙungiya tana zuwa da nata mai sa ido a cikin fili, alƙali yana gefe, sai sun saɓa a koma gare shi.

A ranar farko Aston Villa ta je gidan Wolverhampton aka tashi 1 da 1, kuma ƙwallon da aka ci ta ɗan bayanta Gershom Cox ne ya ci gida. An yi shekaru fiye da ɗari ana cewa wannan ita ce ƙwallon farko a tarihin gasar, sai a 2013 masu bincike suka gano cewa wasan ya fara a makare, kuma Kenny Davenport na Bolton ne ya riga kowa, a karawarsu da Derby County. A ranar ce kuma Preston ta doke Burnley da ci 5 da 2.

Wani abin mamaki shi ne an fara gasar ba a ma tsayar da yadda za a gane zakara ba. Sai a ƙarshen Nuwamba aka zauna aka yanke cewa wanda ya ci yana da maki 2, kunnen doki kuma maki ɗai-ɗai. Wannan lissafi ya zauna har 1981, lokacin da aka mayar da nasara maki 3.

A cikin wasanni 132 da aka buga a kakar, Preston North End ce ta yi zarra. Ta buga 22, ta ci 18, ta yi kunnen doki 4, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ta zura ƙwallo 74, aka zura mata 15, ta tashi da maki 40. Ɗan wasanta John Goodall ne ya fi kowa cin ƙwallo. Aston Villa ta McGregor ta zo ta biyu da maki 29, duk da cewa ta yi wa Notts County ruwan ƙwallaye 9 da 1 a watan Satumba. A watan Fabrairun 1889 Preston ta je har Perry Barr ta doke Villa da ci 2 da nema a wasanta na ƙarshe. Wolverhampton ta zo ta uku da maki 28, Stoke ta riƙe wutsiya. Preston ta ƙara da cin kofin FA, inda ta doke Wolverhampton 3 da nema, kuma ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba a duk gasar kofin. Sai bayan shekara 115 aka sake samun ƙungiyar da ta kammala babbar gasar Ingila ba a doke ta ba, wato Arsenal a kakar 2003 zuwa 2004, wadda Nwankwo Kanu na Najeriya da Kolo Toure na Kodebuwa suke cikinta.

Afirka ta Yamma ma ta kusa samun wakili a wannan kaka ta farko. Arthur Wharton, wanda aka haifa a Accra ta ƙasar Gana a 1865, ya tsare wa Preston gida har ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1887, amma ya bar ƙungiyar kafin a fara lig. Daga baya ya buga wa Sheffield United a rukunin farko.

Abin da McGregor ya hango ya tabbata. Da mutane suka san ranar wasa ba ta tashi, kuma kowane wasa yana da maki a kansa, sai suka riƙa zuwa dubbai. Jaridu suka fara buga tebur duk mako, jiragen ƙasa suka riƙa ɗaukar magoya baya, masu sayar da abinci suka kafa a bakin filaye. A 1890 aka sa mafi ƙarancin kuɗin shiga sisi. Ƙungiyoyin da aka bari a waje suka kafa tasu haɗakar, amma a 1892 aka haɗe su aka yi rukuni na biyu. A shekarar ce Newton Heath, wadda ta zama Manchester United, ta shigo. Liverpool da Arsenal suka shigo a 1893, Chelsea a 1905.

Mutum biyu, hanya biyu

Tarihin McGregor ba zai cika ba sai an ajiye shi kusa da na abokin tafiyarsa William Sudell. Su biyun suka yi faɗan halatta albashi, su biyun suka zauna a teburin kafa gasar, kuma a cikin fili Sudell ne ya yi nasara, domin Preston ta sake cin gasar a 1890. Amma ƙungiyar gwanaye tana cin kuɗi. A 1895 aka gano cewa Sudell ya daɗe yana ɗibar dubban fam daga asusun masaƙar da aka ba shi amana yana zubawa a harkar ƙungiyar. Kotu ta ɗaure shi shekara 3. Da ya fito ya yi ƙaura zuwa Afirka ta Kudu, a can ya mutu a 1911. Preston kuwa tun daga 1890 ba ta sake cin babbar gasar ba.

McGregor bai haɗa aljihun kanti da na ƙungiya ba, bai kuma mayar da shugabanci hanyar arziki ba. Yana shugaban gasar da ta fi kowace girma a ƙasar, amma da safe a kantinsa na Summer Lane za ka same shi. Ribar da ya ci ta halal ce kuma a fili take: yana sayar da rigunan wasa, yana rubutu a jaridun Birmingham, an kuma yi ƙwallo da takalmin wasa da aka sa wa sunansa. Duk mai riƙe kuɗin adashi ko asusun ƙungiyar ƴan kasuwa ya san jarrabawar da ke cikin wannan. Sudell ba don ya gina gida ya taɓa kuɗin ba, don son ƙungiyarsa ne, amma alƙali bai duba wannan ba, kuma masu masaƙar ba su yafe ba.

Ƙarshen rayuwarsa

McGregor ya riƙe shugabancin kwamitin gudanarwa daga 1888 zuwa 1892, lokacin da rashin lafiya ta fara taɓa shi. Daga nan aka ɗaga shi zuwa kujerar shugaban girmamawa har 1894, a 1895 kuma aka ba shi wakilci na har abada. Ya sauka da ƙafarsa ya bar wa wasu, abin da ba kowane mai kafa ƙungiya ke iyawa ba.

Ya rayu ya ga ƙungiyarsa ta zama sarauniyar Ingila. Aston Villa ta ci gasar a 1894, 1896, 1897, 1899, 1900 da 1910. A 1897 ta haɗa lig da kofin FA kamar yadda Preston ta yi, ta kuma tare a sabon filinta na Villa Park. Ya kuma ga abin takaici a 1895, lokacin da ɓarayi suka fasa kantin wani mai sayar da kayan wasa a Birmingham, William Shillcock, suka sace kofin FA da Villa ta ba shi ya ajiye a taga don jama'a su gani. Ba a sake ganin kofin ba, aka ci ƙungiyar tarar fam 25. A 1901 ya ga mutum sama da 110,000 sun taru kallon wasan ƙarshe na kofin FA a Landan, a shekarar da aka ƙayyade albashin ɗan wasa kada ya wuce fam 4 a mako.

Matarsa Jessie ta riga shi mutuwa. Shi kuma ya kwanta jinya, aka yi masa aiki a 1911. Ya mutu ranar 20 ga Disamba, 1911, yana da shekara 65, aka binne shi kusa da matarsa a harabar majami'ar St Mary da ke Handsworth a Birmingham. A daidai wannan lokaci ne layin dogo ya iso Kano daga bakin teku, abin da ya karya ayarin Tarabulus, yadin Manchesta ya koma shigowa ta kudu, zangunan Damargu suka rage cika.

Abin da ya bari

A cikin ƙungiyoyi 12 na farko, Accrington ce kaɗai ta mutu, a 1896. Sauran 11 suna nan suna wasa. Aston Villa ta ci gasar Ingila karo na 7 a 1981, ta kuma ci kofin zakarun Turai a 1982 bayan ta doke Bayern Munich da ci 1 da nema. A 1992 manyan ƙungiyoyi suka ɓalle daga haɗakar da McGregor ya kafa suka yi gasar Firimiya, saboda kuɗin talabijin, wato dai tsohuwar gardamar nan ta raba kuɗin ƙofa ce ta dawo da sabuwar riga. Duk da haka tsarin bai canja ba: gida da waje, maki, tebur, hawa da faɗuwa. Shi ake bi a Faransa da Sifen da Italiya, daga gare shi kuma gasannin ƙasashenmu na Afirka suka kwaikwaya. A 2009 magoya bayan Villa suka tara kuɗi aka kafa mutum-mutuminsa a bakin Villa Park, yana riƙe da takarda a hannu.

Masu shirya gasar unguwanni da ta ƙauyuka a Tanut da Gangara da Tarka, waɗanda sau da yawa ƴan kasuwa ne ke sayen kofi da riguna, suna iya ɗaukar darasi daga wannan bawan Allah. Gasa ba ta mutuwa don rashin gwanaye, tana mutuwa ne ranar da aka ce a zo aka zo ba a tarar da kowa ba, ko ranar da aka nemi kuɗin asusu aka ji shiru. Haka ma ƙungiyar ƴan kasuwa, haka adashi. McGregor ya sa rana ya tsaya a kanta, ya rubuta lissafi ya nuna wa kowa, kuma da lokacin sauka ya yi ya koma kantinsa ya ci gaba da auna yadi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa da tarihin wani, in Allah ya kai mu.